Idan wani ya feɗe cip ɗinmu ya kwafe, wace doka za ta tsaya mana?

"Ni injiniyan lantarki ne. Ni da abokan aikina biyu mun kusa shekara biyu muna zana wani ɗan ƙaramin cip mai daidaita cajin batir, kuma nan da 'yan watanni za mu aika shi masana'anta a ƙera mana samfurin farko. Wani ya ce mu nemi fatent, wani ya ce ai zane ne, haƙƙin wallafa ya wadatar, wani kuma ya ce akwai dokar da aka yi musamman domin cip. Idan wani kamfani ya sayi namu ya buɗe shi ya kwafe, me doka za ta yi mana?"

Injiniya, sannunku da ƙoƙari. Mutum ukun da suka ba ku shawara babu wanda ya yi ƙarya, sai dai kowa gefen da ya hango ya faɗa. Abin da kuke kira "cip ɗinmu" a wurin lauya ba abu ɗaya ba ne. Akwai dabarar da kuka ƙirƙiro ta yadda da'irar lantarkin za ta yi aiki, akwai rubutun umarnin da kuka tsara a kwamfuta, akwai taswirar da ke nuna inda kowane tiransista (ɗan mitsitsin makunnin lantarki) da kowace waya suka zauna a kan silikon, akwai abubuwan da kuka sani waɗanda ba sa bayyana a jikin cip ɗin, sannan akwai sunan da za ku sayar da shi. Kowanne da dokar da ke kula da shi. Don haka tambayarku ta koma haka: idan an ce an kwafe, wanne daga cikinsu aka ɗauka, kuma ta wace ƙofa aka shigo? Tun da taswirar ce ke da doka tata, kuma ita ce mutane suka fi rashin fahimta, da ita zan fi daɗewa.

Abin da ake nufi da taswira

Ku kun san wannan fiye da ni, amma saboda sauran masu karatu bari in faɗa a gurguje. Cip gini ne mai benaye da yawa a kan fallen silikon da bai kai farce ba. Ana gina kowane bene ne ta hanyar haska haske ta cikin wani faranti mai ɗauke da zane, hasken ya zana siffar a kan faifan silikon, sannan a wanke, a zuba, a sake hawa wani benen. Jerin waɗannan zane-zane, tun daga na ƙasa har na sama, shi ne taswirar. Injiniyoyi biyu za su iya ɗaukar da'ira guda, kowa ya shimfiɗa ta yadda ya ga dama, cip biyun su yi aiki iri ɗaya amma taswirarsu ta sha bamban. Wanda ya iya shimfiɗawa yana samun cip ƙarami, mai ƙarancin zafi, wanda ba ya yawan lalacewa wajen ƙira, kuma a nan ribar take.

A shekarun 1970 wannan aiki na hannu ne ƙwarai, kuma cip bai cika yawan kaya ba. Intel 4004 na 1971 tiransista 2,300 ne a cikinsa. Mai son kwafa zai sayi cip a kasuwa, ya narkar da murfinsa, ya riƙa kankare benayen ɗaya bayan ɗaya yana ɗaukar hoto da madubin ƙara girma, daga hotunan ya yi nasa farantan. Aikin da ya ci wani shekaru da dukiya, shi ya gama cikin watanni, ya shigo kasuwa da farashin da mai asalin ba zai iya bi ba.

Dalilin da tsofaffin dokoki suka gaza

Sai a ce to mai abu ya kai ƙara mana. Da wace doka? Fatent yana kare ƙirƙira sabuwa wadda gwanin fannin ba zai ce "ai wannan kowa zai iya tunaninsa" ba. Taswira kuwa yawancinta gumi ne da haƙuri da gwaninta, an jera abubuwan da aka riga aka sani a jeri mai kyau. Ofishin fatent ba ya biyan ladan wahala. Ga shi kafin a kammala binciken fatent an yi shekaru, cip ɗin ma ya tsufa.

Haƙƙin wallafa shi ma ya ƙi shiga. A dokar Amurka, inda rigimar ta fara zafi, zanen da ke kan takarda yana da kariya, amma abin amfani da aka ƙera daga zanen ba ya samun ta, sai in yana da wani ado da za a iya raba shi da aikinsa. Taswirar cip kuwa kowane layi aiki yake yi, ba kwalliya ba. Shi ya sa ofishin haƙƙin wallafa ya ƙi karɓar cip a matsayin abin rajista. Ko da ya karɓa ma akwai wata matsala: kariyar wallafa tana ɗaukar tsawon ran mawallafi da ƙarin shekaru hamsin ko saba'in, wanda a wannan sana'a daidai yake da har abada. Sirrin sana'a kuma ranar da ka sayar da cip na farko ka miƙa taswirar ga duk mai madubi da sinadari.

Majalisar dokokin Amurka ta fara sauraron batun a 1979, kuma abin mamaki kamfanonin da kansu ba su haɗa baki ba. Intel na son kariya, wasu kuma na tsoron a haramta feɗe cip ɗin abokin gasa, alhali kowa a cikinsu da haka yake koyo. An yi shekara biyar ana ja, majalisar dattawa na son a faɗaɗa haƙƙin wallafa, ta wakilai na son doka dabam. Ra'ayin 'yan majalisar wakilai ne ya yi rinjaye, aka zartar da dokar kare cip a watan Nuwamba na 1984. Ba fatent ba ce, ba wallafa ba ce, ta aro daga nan ta aro daga can, duk da cewa a ofishin haƙƙin wallafa ake rajistarta.

Amurka ta saka wani ƙugiya a ciki: baƙo ba zai ci moriyar dokar ba sai ƙasarsa ta ba Amurkawa irin wannan kariya, ko kuma ta nuna tana kan hanyar yin haka. Nan da nan Japan ta yi tata a 1985, Tarayyar Turai ta lokacin ta ba mambobinta umarni a Disamban 1986, Jamus ta zartar a 1987, Ostareliya a 1989, Kanada a 1990. A 1989 aka ƙulla yarjejeniya a birnin Washinton ƙarƙashin WIPO, hukumar duniya mai kula da haƙƙin mallakar fasaha, amma ba ta taɓa fara aiki ba, domin Amurka da Japan, manyan masu ƙira na lokacin, sun juya mata baya. Cikin abin da ya ɓata musu rai akwai wa'adin shekara takwas da suke ganin ya yi kaɗan, da sauƙin da aka ba gwamnatoci na tilasta ba da lasisi. Amma yarjejeniyar ba ta mutu a banza ba. Da aka zo yarjejeniyar TRIPS ta Ƙungiyar Ciniki ta Duniya kan haƙƙin mallakar fasaha a 1994, sashe na 35 zuwa 38 ya kwaso mafi yawan tanade-tanadenta, ya ɗaga wa'adin zuwa shekara goma, ya ƙuntata lasisin tilas. Daga nan Indiya ta yi dokarta a 2000, Sin a 2001. Don haka a yau kusan duk inda ake ƙera cip ko ake sayar da shi da yawa za ku tarar da doka mai wannan fasali.

Abin da dokar ke ba ku, da abin da ba ta bayarwa

Sharaɗin farko shi ne taswirar ta zama aikin kanku, kuma kada ta zama abin da ya riga ya zama ruwan dare tsakanin masu zane a lokacin da kuka yi ta. Ba a neman ta zama ƙirƙira mai ban mamaki. Ko da guntayen da kuka haɗa sanannu ne, idan haɗin gaba ɗaya naku ne, ya isa. In kun cika wannan, ku kaɗai ke da ikon sake buga taswirar, dukkanta ko wani yanki nata mai asali, ku kaɗai ke da ikon shigo da cip mai ɗauke da ita ƙasar ko sayar da shi, har da na'urar da aka saka cip ɗin a ciki. Wa'adin aƙalla shekara goma ne, daga ranar neman rajista ko ranar fara cinikinsa a ko'ina a duniya.

Ku riƙe wannan da kyau, domin a nan na ga mutane sun fi yin asara: a Amurka, Japan, Sin da ƙasashen Turai da dama, idan kun fara sayarwa kuna da shekara biyu kacal ku nemi rajista. In ta wuce, bakin alƙalami ya bushe. A dokar Amurka ko tayin sayarwa da aka yi a rubuce bayan an riga an ƙera cip ɗin yana iya tayar da agogon. Birtaniya da Ostareliya kuwa ba sa neman rajista, kariyar da kanta take zuwa.

Yanzu ga ramukan. Dokar ba ta kare dabara, ba ta kare da'ira, ba ta kare aikin da cip ke yi. Idan abokin gasa ya fahimci yadda naku ke daidaita caji, ya zauna ya shimfiɗa tasa taswirar, ba ku da ta cewa a ƙarƙashin wannan doka. Idan wani ya zana irin taku ba tare da ya taɓa ganin taku ba, shi ma ya tsira, saɓanin fatent wanda ke kama ko wanda bai san da kai ba. Sannan akwai wanda ya sayi cip na kwafe bai sani ba, ya saka a cikin kayansa: ba shi da laifi kan abin da ya wuce, kuma bayan kun sanar da shi yana iya sayar da ragowar hajar da ke hannunsa, ya biya ku la'ada daidai gwargwado.

Babban ramin kuwa shi ne halascin feɗewa. Doka ta yarda a sayi cip ɗinku, a buɗe, a ɗauki hoton kowane bene domin nazari ko koyarwa ko tantancewa, kuma ta yarda a yi amfani da abin da aka koya wajen yin sabuwar taswira, muddin sabuwar tana da asalin kanta. Wannan ba kuskuren masu rubuta doka ba ne, shi ne farashin da aka biya kafin kamfanoni su amince da ita. Ni kaina ina ganin daidai aka yi. Sana'ar da aka hana kowa duba aikin ɗan'uwansa ba ta ci gaba, kuma ku ma, Injiniya, da wuya a ce ba ku taɓa leƙa aikin wani ba kafin ku fara naku.

To ina iyakar nazari, ina farkon sata? Shari'ar da aka fi kafa hujja da ita ita ce ta kamfanonin Brooktree da Advanced Micro Devices (AMD), wadda kotun ɗaukaka ƙara ta tarayyar Amurka ta yanke a 1992. Cip ne na sarrafa launin hoto a fuskar kwamfuta. AMD ta kawo tulin takardu tana nuna tsawon lokaci da kuɗin da ta kashe, tana cewa mai kwafa ba ya irin wannan wahala. Amma masu taya alƙali hukunci suka ga wani ɗan ƙaramin ɗakin ajiyar bayanai da aka maimaita sau dubbai, wanda ya mamaye mafi yawan filin cip ɗin, kusan iri ɗaya ne da na Brooktree. Kotu ta tabbatar da hukuncin diyya ta kusan dala miliyan 26, wadda ta haɗa da keta fatent. Darasi biyu suka fito: ba sai an kwafe cip gaba ɗaya ake keta doka ba, kuma tarin takardu hujja ce amma ba laya ba ce, domin za a iya karanta su a matsayin shaidar cewa mutum ya yi ta gwadawa ya kasa, daga ƙarshe ya kwafa. A 2005 kuma, a shari'ar Altera da Clear Logic, wata kotun ɗaukaka ƙara ta ce yadda aka jera manyan rukunonin cip da yadda aka haɗa su ma yana cikin abin da ake karewa, ba sai an sauka kan tiransista ɗaya ɗaya ba. Diyyar can ta haura dala miliyan 30.

Me ya sa shari'o'in ba su da yawa

Za ku lura shari'a biyu na ambata cikin shekara arba'in, kuma ba don na taƙaita ba ne, a Amurka fitattun ba su wuce haka da yawa ba. Lauyoyi da dama suna yi wa dokar kallon maganin da ya iso bayan ciwo ya warke. Dalilin yana cikin fasahar kanta. Cip irin M1 na Apple da ya fito a 2020 yana da tiransista biliyan 16, a benaye masu yawa, da siffofin da hasken ido ba ya iya rarrabewa. Ko ka ɗauki hotonsa duka, taswirar an ɗinka ta ne daidai da tsarin ƙirar masana'anta guda, da sinadaranta da injinanta, ba za ta yi aiki a wata ba. Ga shi yanzu manhaja ce ke shimfiɗa yawancin cip na lissafi daga rubutun umarni, don haka wanda ya sami rubutun zai fitar da sabuwar taswira da ba ta kama da taku ko kaɗan. Darajar ta tashi daga taswira ta koma rubutu.

Sai dai kada wannan ya sa ku yi watsi da rajista, domin naku cip ɗin ba irin wancan ba ne. Cip mai kula da caji da ƙarfin wuta yawanci ƙarami ne, benayensa kaɗan, ana ƙera shi da tsofaffin tsare-tsare da masana'antu da yawa ke da makamantansu, kuma ɓangarensa mai auna wuta har yau da hannu ake shimfiɗa shi, inda kusancin tiransista biyu ko faɗin waya guda ke bambanta mai kyau da maras kyau. Irinsa kuma yana daɗewa a kasuwa, shekara goma ko fiye. Wato shi ne ainihin irin cip ɗin da har gobe ake feɗewa a kwafe kai tsaye. Ba banza ba a Sin ake shigar da dubban takardun rajistar taswira a kowace shekara, kuma kotunan can suna sauraron irin waɗannan ƙararraki. Rajistar ba ta da tsada in aka kwatanta da fatent, ba a yi mata dogon bincike, kuma a Amurka ba za ka shigar da ƙara ba sai ka bi ta ofishin rajista tukun. Dokar Amurka ta kuma ba mai ƙara zaɓin neman diyyar da aka ƙayyade, har dala 250,000 kan taswira guda, maimakon wahalar lissafa asara. Ana miƙa samfurin cip da hotunan benaye, kuma akwai damar ɓoye wasu sassa saboda sirri.

Ƙofar da ɓarawo ya fi shigowa

A shekarun da na yi ina wannan aiki, wanda ya zo ofishina yana kukan an feɗe masa cip bai kai yawan wanda ya zo yana kukan fayil ya fita ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Injiniya ya bar aiki da kwafin zane a jakarsa, ɗan kwangilar da aka ba shimfiɗa wani yanki ya sayar wa wani irinsa, abokin ciniki ya karɓi cikakken bayani da sunan tantancewa ya miƙa wa mai yi masa da araha. Manyan rigingimun sana'ar ma haka suke. Ƙarar da masana'antar cip ta TSMC ta Taiwan ta kai takwararta SMIC ta Sin kan sirrin ƙira ta ƙare da sulhun dala miliyan 175 a 2005, rigima ta sake tashi, aka sake sulhu a 2009 kan dala miliyan 200 da hannun jari. A 2020 kamfanin UMC na Taiwan ya amsa laifi a kotun Amurka kan sirrin kamfanin Micron na Amurka, aka ci shi tarar dala miliyan 60. Duk ba batun hoton taswira ba ne, mutane ne suka tashi daga wani kamfani zuwa wani da abin da ke kansu da kwamfutocinsu.

Dokar sirrin sana'a tana da ƙarfi, ba ta da wa'adi, amma tana da sharaɗi: sai ka nuna ka ɗauki matakan da suka dace wajen ɓoye abin. Alƙali zai tambaya wa ke da izinin buɗe fayilolin, wa ya sa hannu kan alƙawarin riƙe sirri, me aka karɓe daga ma'aikaci ranar da ya tafi. In amsar ita ce "ai mun yarda da juna", ƙarar ta raunana tun kafin a fara.

Wannan ya kawo ni kan ku ukun. Na taɓa zama da wasu samari huɗu da suka yi cip mai kyau, har wani mai zuba jari ya nuna sha'awa. Da lauyoyinsa suka fara tono sai aka gano ɗaya daga cikinsu ya zana yankin da ya fi daraja ne lokacin yana ma'aikacin wani kamfani, kuma takardar ɗaukarsa aiki ta ce duk abin da ya ƙirƙira a fannin na kamfanin ne. Bugu da ƙari, manhajar da suka yi zanen da ita lasisin jami'a ne, wanda ya haramta amfani da ita don kasuwanci. Babu wanda ya sace musu komai, amma sai da aka yi watanni ana ciniki da tsohon ubangidan, suka sake wani sashe na aikin daga farko, mai jarin kuma ya rage tayinsa. A dokoki da yawa, taswirar da ma'aikaci ya yi cikin aikinsa ta mai ɗaukarsa aiki ce, kuma miƙa mallaka ba ya tabbata sai a rubuce. Ku tambayi kanku tun yau: a cikinku akwai mai aiki a wani wuri? Da kwamfutar wa aka yi zanen? In ɗayanku ya yi fushi ya tafi gobe, da me zai tafi?

Haka nan ku karanta yarjejeniyar masana'anta da idon basira. Za ta ba ku kundin ƙa'idojin ƙirarta da tubalan da aka riga aka zana, kuma waɗannan nata ne, aro ta ba ku. In kun sayi wani tubali daga wani kamfani, shi ma lasisi ne. Abin da za ku yi wa rajista shi ne abin da ku kuka shimfiɗa da yadda kuka haɗa, kuma takardar neman rajista tana son a fayyace hakan. Ku duba ko masana'antar ta yi alƙawarin ba za ta ƙera fiye da adadin da kuka nema ba, da abin da za ta yi da farantanku in kun rabu, da ƙasar da za a yi shari'a in rigima ta tashi.

Da ni ne ku

Kafin fayil ya bar hannunku, ku zauna da lauyan fatent ku duba ko a cikin da'irarku akwai dabarar da ta cancanta. Fatent shi kaɗai ne zai kama wanda ya ɗauki dabarar ya sake mata taswira, kuma yana ɗaukar shekara ashirin daga ranar nema. Amma yana da kishi: a Turai da ƙasashe da yawa, in kun bayyana dabarar a taro ko a takardar bincike ko ga mai saye ba tare da alƙawarin sirri ba, ta daina zama sabuwa. Amurka na ba da rangwamen shekara ɗaya, amma kada ku dogara da shi in kuna hangen wasu kasuwanni. Nema guda yana ba ku wata goma sha biyu ku bi sauran ƙasashe da wannan ranar, kuma ta hanyar PCT, yarjejeniyar ƙasa da ƙasa ta neman fatent, kuna iya jinkirta zaɓen ƙasashe zuwa kusan wata talatin. Fatent na cin kuɗi, don haka ba na ba ƙaramin kamfani shawarar ya watsa shi ko'ina. Ƙasar da ake ƙera cip ɗin, da ƙasar da ake haɗa shi cikin na'urori, da babbar kasuwar da na'urorin ke ƙarewa, yawanci sun isa. Akwai kuma dabarun da ba sa bayyana ko an feɗe cip, kamar yadda kuke gwaji da daidaita shi bayan ƙira. Irin waɗannan gara a bar su sirri, domin fatent tallata dabara ne ga duniya.

Rubutun umarninku da duk manhajar da ke cikin cip ɗin haƙƙin wallafa ya rufe su tun ranar da kuka rubuta, ba sai da rajista ba a yawancin ƙasashe. Tun 1989, a shari'ar NEC da Intel, wata kotun Amurka ta amince cewa ƙananan umarnin da ke can cikin cip ma rubutu ne da ake karewa. Sunan cip ɗin da tambarinku kuma ku yi musu rajistar alamar kasuwanci, domin a ƙananan cip irin naku jabun da ake buga wa sunan mai asali ya fi kwafen taswira yawa, kuma da alamar kasuwanci jami'an kwastan suka fi saurin kama kaya.

Sai ajiye tarihi. Ba a fafe gora ranar tafiya. Kowane sauyi da kuka yi wa zanen ya kasance da kwanan wata da sunan wanda ya yi, har da gwaje-gwajen da suka faɗi. Wannan tarihi zai yi muku aiki ta fuska biyu: ya nuna taswirar taku ce in kun kai ƙara, ya kuma kare ku in wani babba ya ce ku kuka kwafi nasa, wanda ga ƙaramin kamfani ya fi yiwuwa fiye da yadda kuke zato. Akwai kuma wata tsohuwar dabara da nake so ƙwarai: ku dasa wani abu maras amfani a cikin taswirar, 'yar waya da ba ta zuwa ko'ina, ko siffar da ba ta aikin komai, ku rubuta inda take ku adana. Wanda ya yi nazari ya zana tasa ba zai ɗauke ta ba, domin ya san ba ta da aiki. Wanda ya kwafa ido rufe zai kwashe har da ita, kuma ranar da aka nuna wa alƙali hotuna biyu gefe da gefe, ba ya buƙatar digirin injiniya kafin ya gane. A Amurka kuna iya buga harafin M cikin da'ira tare da sunanku a jikin cip ɗin. Ba dole ba ne, amma yana toshe bakin mai cewa bai sani ba.

Ni lauya ne, ba mai zane ba, kuma ban ga taswirarku ko takardun da kuka sa wa hannu ba. Ko shimfiɗarku ta wuce abin da kowa ke yi a fannin, injiniya ɗan'uwanku ne zai tantance, kuma a kotu ma shaidar ƙwararru ce ke yanke wannan. Dokokin nan kuma kowace a ƙasarta take aiki, rajistar wuri ɗaya ba ta bin ku zuwa wani, sannan ƙasashe mafi ƙarancin ci gaba an ɗaga musu ƙafa kan aiwatar da yawancin TRIPS har zuwa Yulin 2034. Don haka da zarar kun tsayar da masana'antar da za ta ƙera da kasuwar da za ku fara shiga, ku nemi lauya mai lasisi a can. Ku je masa da abu uku: takardar da ku ukun kuka miƙa wa kamfaninku mallakar aikin, daftarin yarjejeniyar masana'anta tun ba ku sa hannu ba, da ranar da kuke shirin aika wa mai saye na farko tayi a rubuce.